Muhawara: /dev/random ya maƙale mini a saba, da gaske ne urandom jabu ne?

ɗan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan gida. Wata matsala ce ta hana ni barci jiya. Wata makaranta ta ba ni aikin haɗa mata lambobin sirri na duba sakamakon jarrabawa, irin waɗanda ake kankarewa a jikin kati. Kati 3,000 suke so, kowanne da lamba 12. Na rubuta 'yar manhaja da Python, tana buɗe /dev/random, fayil ɗin Linux da ke ba da lambobin da ba a iya hasashe, tana ɗebo bayit ɗaya ga kowace lamba. A laftof ɗina mai Ubuntu 22.04, kafin in ɗauke yatsa daga kibod ta gama. Da na ɗora ta a sabar makarantar, tsohuwar CentOS 7, sai ta fitar da kati talatin da 'yan kai ta tsaya cik. Ba ta nuna kuskure ba, ba ta mutu ba, shiru kawai kamar an aiki bawa garinsu. Na je sallar isha'i na dawo, 'yan kaɗan ta ƙara.

Wani ya ce in koma /dev/urandom. Amma na taɓa karanta cewa urandom ba na gaske ba ne, wai idan entrofi, wato tarin abin da ba a iya hasashe da na'ura ke tarawa, ya ƙare sai ya ci gaba da zubo maka na bogi bai faɗa maka ba. Katunan nan sayar da su za a yi, kuɗin iyayen yara ne. Wanne zan bi?

sadiya_py
Wa alaikumus salam. Kar ka buɗe ko ɗaya da hannunka. Ka kira secrets na Python, ka rubuta secrets.randbelow(10**12), ka cike gaban lambar da sifili har ta kai 12. Tun Python 3.6 yake nan. Sai dai ka lura, idan ka buga python kawai a CentOS 7, 2.7 zai fito maka, ka tabbata python3 kake kira.

gwanin_C
Haba Sadiya, mutum ya ce kuɗin mutane ne. Tsayawar da /dev/random ya yi ai amanarsa ke nan, ya ga rijiya ta ƙafe ya ƙi ba ka laka a matsayin ruwa. Ɗan Fagge, saka haveged, manhajar da ke ƙara wa na'ura entrofi, a sabar ta cika maka rijiyar, ka ci gaba da abin da ka fara. Ni ban taɓa haɗa makulli da urandom ba, kuma ba zan fara ba.

Malam_Unix
Ɗan Fagge, kafin a ja ka hagu da dama bari in gaya maka abin da ya faru da sabar taka, don ba lalacewa ta yi ba.

Kwamfuta ba ta iya ƙirƙiro abin da ba a hasashe. Ka ba ta lissafi ɗaya sau dubu, amsa ɗaya za ta ba ka. Saboda haka kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'ura, yana zama ne yana kasa kunne ga abubuwan da ke shigowa daga waje: lokacin da ka danna harafi, lokacin da maus ya motsa, lokacin da faifan ajiya ya amsa kira, lokacin da wata na'ura ta ƙwanƙwasa wa furosesa ƙofa. Abin da ka rubuta bai dame shi sosai ba, daidai lokacin ne yake so, 'yan ƙananan lambobin ƙarshe na agogo waɗanda ko kai mai dannawa ba ka san su ba. Yana zuba su a tukunya ɗaya yana gaurayawa. Theodore Ts'o ne ya kawo wannan tsari cikin Linux tun 1994.

To a tsohon tsari, irin na kanel 3.10 da ke cikin CentOS 7, tukunyar na ɗaukar bit 4,096, kuma akwai wani ɗan akawu zaune yana ƙiyasi: an zuba kaza, an ɗebi kaza. Idan ka karanta /dev/random ya rage lissafinsa, in lissafin ya yi ƙasa ya tsayar da kai sai an ƙara zubawa. Idan ka karanta /dev/urandom ba ya tsayar da kai. Amma abin da Gwani bai faɗa maka ba, duka ƙofofin biyu ta injin niƙa iri ɗaya kayansu ke fitowa, SHA-1 ne a wancan zamanin. Babu wata ƙofa da ke miƙo maka ɗanyen motsin maus. Akawun ne bambancinsu.

Yi lissafi: bit 4,096 bayit 512 ne. Kai kana cin bayit 12 a kowane kati. Ko da tukunyar a cike take, kati arba'in da 'yan kai ne iyakarka. Sabar kuwa ba mai taɓa mata kibod ko maus, wataƙila ma VM ce, wato kwamfutar manhaja a cikin wata kwamfutar, a wata cibiyar ajiya, shi ya sa take tarawa kamar ɗigon famfo. Laftof ɗinka kanel 5.15 ne ko sama, kuma tun 5.6, a 2020, aka sallami akawun daga wannan aikin. Yanzu /dev/random sau ɗaya yake jira, farkon tashin na'ura, daga nan ba ya sake tsayawa.

Buga cat /proc/sys/kernel/random/entropy_avail a duka biyun ka gaya mana.

ɗan_Fagge
Allah ya ƙara girma Malam, lissafin kati arba'in ɗin nan ya zo daidai da abin da na gani. Na duba. Saba tana wasa tsakanin ashirin da sittin idan manhajar na aiki. Laftof kuwa 256, na buga sau biyar 256, ko gezau. Ashe ma laftof ɗin ya fi talauci idan aka kwatanta da 4,096?

ummi_sec
Ba talauci ba ne. A gyaran da Jason Donenfeld ya yi a 2022 aka mayar da tukunyar bit 256, aka cire SHA-1 aka sa BLAKE2s, gyaran kuma aka kai shi har cikin wasu tsofaffin kanel da ake kula da su, shi ya sa kake ganinsa a naka. 256 na nufin a cike take. Ba za ka ga ta ragu ba ko gigabayit goma ka ɗiba.

gwanin_C
To nan fa ake yin ta. Ta yaya za a ɗebi gigabayit goma daga bit 256 a ce mini duk na gaske ne? Mudu ɗaya na gero ba ya ciyar da unguwa. Duk abin da ya haura 256 ɗin nan lissafi ne, lissafi kuma ana iya bin sawunsa.

ummi_sec
Yaya Gwani, lissafi ne, ban musa ba. Misalin geron ne bai hau ba. Bit 256 ɗin ba ci ake yi ba, makulli ne. Tun kanel 4.8, a 2016, ana ɗaukar makullin nan a ba ChaCha20, wani lissafin ɓoye bayanai, shi kuma ya riƙa fitar da bayit. Wanda ya ga bayit ɗin da suka fita, ko nawa ne, ba shi da hanyar komawa baya ya gano makullin sai dai ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Yawansu 2 sau kanta har 256, lamba ce mai gurbi 78. Kuma kanel ba ya zama da makulli ɗaya, yana sabunta shi lokaci-lokaci daga tukunyar, yana share tsohon.

Ga inda nake so ka tsaya ka duba. Ce ka samu bit 256 naka tsarkakakku daga /dev/random na da, ka haɗa makulli. Me za ka yi da shi? AES ko ChaCha20 za ka ba, su rufe maka fayil mai gigabayit goma da wannan ɗan makullin. Kenan amanar da ka ƙi ba ChaCha20 a cikin kanel, minti ɗaya bayan nan ka ba shi ita a cikin SSH ɗinka, hanyar da kake shiga saba daga nesa. Ranar da aka iya bin sawun ChaCha20, katin makaranta ne ƙaramin abin da zai dame mu.

Kyauta404
Wannan amsar a sa ta a firem a rataye a falo.

zinder_root
Sannunku da hira. Ina tare da Ummi, amma kar a wanke urandom tas, yana da laifinsa guda, kuma ni na gan shi da idona. Ina harka da ƙananan rauta da akwatunan da ake ɗora wa Linux don raba intanet. Irin waɗannan ba kibod, ba maus, ba faifai mai juyawa, sau da yawa ko batirin agogo babu. Ka kunna guda goma, duk a daƙiƙa ɗaya suke zaton suna, komai nasu iri ɗaya. A tashin farko kuma suke haɗa makullin SSH nasu. Idan manhaja ta karanta urandom a wannan lokacin, kafin a zuba komai a tukunya, zai ba ta abin da ke akwai bai jira ba. Iyakacinsa ya rubuta ƙorafi a dmesg, rajistar saƙonnin kanel, layin nan mai cewa uninitialized urandom read. Wa ke karanta dmesg na rauta?

A 2012 Nadia Heninger da abokan aikinta uku suka zagaye intanet suka tattaro makullan RSA na fili. Makullin RSA lambobi biyu ne manya da ba sa rabuwa aka ninka. Idan na'urori biyu suka tashi da tukunya iri ɗaya, sai su zaɓi lambar farko iri ɗaya, ta biyu ta bambanta. Duk wanda ya riƙe makullan biyu na fili, da lissafin neman babbar lambar da ke raba su, wanda muka koya a makaranta, ya fasa duka biyun. Da haka suka samo makullan sirri na kusan kashi 0.5 cikin 100 na masu TLS, tsarin ɓoye sadarwar intanet, da suka duba, wato ɗaya cikin 200, yawancinsu rauta da makamantansu.

Saboda haka tambayar da ya kamata a yi ita ce ko an taɓa cika tukunyar tun da aka kunna. Batun ko ta ƙare daga baya, wannan ba ya tasowa.

Malam_Unix
Madalla da mutumin Damagaram, ka kawo mu inda nake so. Shekara ashirin muna da ƙofofi biyu kuma kowacce da aibinta: ɗaya tana jira ko babu dalili, ɗaya ba ta jira ko da dalili. Sai a 2014, kanel 3.17, Ts'o ya ƙara getrandom. Wannan ba fayil ba ne, kira ne kai tsaye zuwa kanel. Idan tukunya ba ta cika ba tun tashi, ya jira. Da ta cika, ba ya sake jira har a kashe na'ura.

Mutanen OpenBSD ne suka taso da maganar lokacin da suke kai LibreSSL, manhajarsu ta ɓoye sadarwa, kan Linux, su suna da getentropy nasu. Ƙorafinsu mai ma'ana ne. Fayil sai an buɗe shi. In manhaja tana cikin chroot, wato an killace ta a wani ɓangaren fayiloli, da babu /dev fa? In maƙiyi ya cika mata guraben buɗe fayil da gangan har buɗewar ta gagara fa? Manhajoji da yawa a irin wannan hali sai su koma haɗa iri, wato lambar farawa, da agogo da lambar aiki da kanel ke ba kowace manhaja mai gudana, su yi shiru. Kiran kanel ba ya bukatar gurbi, ba ya bukatar /dev.

Abin da Sadiya ta ba ka tun farko, secrets, ta os.urandom yake bi, shi kuma tun Python 3.5 getrandom yake kira a Linux, sai in kanel ba shi da shi ya koma fayil ɗin urandom. Sunan ne kawai ke ruɗa mutane.

baban_Khadija
Ni tambayata daban. Tun ɗazu kowa na kewaye-kewaye, mene ne sunan waɗannan lambobi da Hausa? Ina koyar da yara kwamfuta a ƙarshen mako, in na zo wurin nan sai in rasa kalma.

Kyauta404
Lambobin kan mai uwa da wabi.

sadiya_py
Kyauta ka cika tsiya. Ni canki-canka nake cewa, yara suna ganewa nan take.

zinder_root
Ƙuri'a fa? Irin wadda ake jefawa a adashe a ga wa zai fara kwasa. Ai ma'anar ke nan, ba wanda ya san abin da zai fito, har mai jefawar.

baban_Khadija
Ƙuri'a yanzu sai yaro ya ɗauka zaɓe ake nufi. Canki-canka ya fi zauna mini, ko da yake a canki-canka mai riƙe da abin ya san hannun da yake ciki.

ummi_sec
Ai kuwa hakan ya dace da kanel, Baban Khadija. Shi ya san makullin, mai canka ne bai sani ba.

tsohon_ɗalibi
Bari in tona wa kaina asiri ko wani zai amfana. Shekarun baya na yi wa wani ɗan kamfani lambobin tabbatarwa da ake tura wa mutum ta tes, masu lamba 6. Na rubuta random.seed da agogo a farkon aikin, sannan random.randint. Kuma da int na naɗe agogon, wato daƙiƙa cikakkiya. Wata rana mutum biyu suka nemi lamba a daƙiƙa ɗaya, miji da mata ne zaune a kujera ɗaya, sai ga lamba iri ɗaya a wayoyinsu. Matar ce ta kira ofis tana dariya tana tambaya ko haka abin yake. Ni ban yi dariya ba. Duk wanda ya san lokacin da aka nemi lamba, zai iya haɗa ta a kwamfutarsa ba tare da ya ga tes ɗin ba. Daren nan ban kwanta ba sai da na canza.

sadiya_py
Allah ya rufa asiri. Kuma ko ba ka sa agogo ba, random na Python Mersenne Twister ne. Wanda ya ga fitarsa 624 a jere, masu bit 32, ya san duk abin da zai biyo baya har abada. Na wasa ne da gwaje-gwajen lissafi. Haka rand na C, haka Math.random a burauza.

Malam_Unix
Kar ka ji kunya ɗana, manya sun riga ka. A 1995 ɗalibai biyu a Berkeley, Ian Goldberg da David Wagner, suka gano Netscape da agogo da lambar aiki da lambar uwar aikin yake haɗa irin makullansa na SSL. Na Debian ya fi ciwo. A 2006 wani mai kula da OpenSSL a Debian ya cire layin da Valgrind, manhajar binciken kurakurai, ke ƙorafi a kai, da niyyar tsafta. Ashe layin ne ke zuba abin da aka ɗebo a tukunyar OpenSSL. Abin da ya rage lambar aiki kawai, wadda ba ta wuce 32,768. Sai watan Mayu 2008 Luciano Bello ya gano. Kusan shekara biyu duk makullin SSH da aka haɗa a Debian da Ubuntu yana cikin ɗan jerin da mutum zai iya haɗawa gaba ɗaya ya ajiye. Kanel bai yi laifin komai ba a nan, yana ba da kaya mai kyau, a hanya aka zubar. Na tuna makon nan, mun kwana muna canza makullai muna bin fayilolin authorized_keys ɗaya-ɗaya.

sanin_gobe
Duk kun yarda da kanel, to shi kanel da wa ya yarda? Ba RDRAND na Intel, mai fitar da lambobi daga cikin furosesa, yake tambaya ba? Akwatin da ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Bayan abin da Snowden ya fallasa a 2013 da badaƙalar Dual_EC, tsarin fitar da lambobi da ake zargin an sa wa ƙofar baya, ni ban ga dalilin sakin jiki da kamfanin Amurka ba.

ummi_sec
Zargin ba na banza ba ne, a 2013 ɗin har takardar koke aka yi a cire RDRAND daga Linux, Linus Torvalds ya ƙi da kakkausar murya. Hujjarsa ita ce ba shi kaɗai ake sha ba, zuba shi ake yi a tukunya tare da sauran. In ka gauraya abu goma ta BLAKE2s, guda ɗaya mai kyau ya isa. Inda maganarka ke da ƙarfi shi ne farkon tashi: kanel da yawa an saita su su ɗauki abin da furosesa ya bayar a matsayin ya isa a ce tukunya ta cika, don na'ura ta tashi da wuri. In ba ka so, ka sa random.trust_cpu=off a layin tashi. Za a ci gaba da zuba shi, ba za a ƙirga shi ba.

Ni ma abin da ya fi ba ni tsoro ba leƙen asiri ba ne, lalacewa ce. A 2019 Ryzen 3000 na AMD ya fito RDRAND ɗinsa na ba da lamba ɗaya kullum, duk bit ɗaya-ɗaya, yana kuma cewa ya yi nasara. systemd, manhajar da ke tayar da Linux, a lokacin yana kiransa kai tsaye, sai wasu sababbin Linux suka ƙi tashi sai da aka gyara BIOS. Wanda ya bi ta kanel bai ji komai ba.

zinder_root
Jiran getrandom ɗin ma ya taɓa cizon mutane, kar a ce ba a faɗa ba. A 2019 aka yi wa ext4, tsarin ajiye fayil na Linux, gyara ya rage yawan taɓa faifai lokacin tashi. Abu mai kyau ko? Sai tukunya ta rasa abin zubawa, wata manhaja ta kira getrandom da wuri ta tsaya jira, na'ura kuma ba ta yin komai da zai kawo motsi, kowa na jiran kowa. Torvalds ya janye gyaran, sannan a 5.4 ya sa kanel, in ya ga ana jira, ya riƙa auna 'yar rawar da ke tsakanin agogon furosesa da na'urar ƙidayar lokaci har ya cika tukunyar da kansa. Kusan aikin haveged ne aka shigar ciki, shi ya sa a sabon kanel ba ka bukatarsa.

gwanin_C
To kun gani, ashe haveged ɗin da na ce ba hauka ba ne. Kuma sabarsa 3.10 ce, ba 5.4 ba.

Malam_Unix
Ba hauka ba ne Gwani, zai sa akawun ya yi shiru manhajar ta wuce. Amma magani ne na ciwon da babu. Sabar da ta yi watanni a kunne ta daɗe da cika. Kuma haveged a cikin VM, ingancin abin da yake aunawa ya danganta da yadda aka ba VM ɗin agogon furosesa. In ana son taimaka wa VM, virtio-rng ya fi, uwar na'ura ta riƙa miƙo mata.

hafsat_java
Mu 'yan Java mun sha wannan wahalar. Tomcat ya yi minti da minti bai tashi ba a sabuwar VM, kana duba log ba komai, ashe SecureRandom ne ke jiran /dev/random. Har yau a tsofaffin saituna za ka ga -Djava.security.egd=file:/dev/./urandom, da ɗigon nan a tsakiya, don tsohon Java in ya ga sunan urandom sak sai ya yi gaban kansa ya koma random. Mutane na kwafa ba su san dalilin ɗigon ba.

A wayoyi ma an taɓa ji. Agustan 2013 aka gano SecureRandom na Android ba ya samun iri yadda ya kamata, aka sace wa mutane Bitcoin saboda sa hannu biyu sun fita da lamba ɗaya.

baban_Khadija
Windows fa? Yarana duk Windows gare su.

hafsat_java
Babu /dev a can, BCryptGenRandom ake kira. A iPhone SecRandomCopyBytes, a BSD da Mac arc4random_buf. Amma in da Python suke, secrets ɗin dai, shi zai nemo wanda ya dace. PHP random_int tun 7.0, burauza crypto.getRandomValues, Go crypto/rand.

sadiya_py
Mu dawo kan mai tambaya. Ɗan Fagge, ka ce bayit ɗaya ga kowace lamba. Yaya kake mayar da bayit lamba?

ɗan_Fagge
b % 10 mana Anti. Akwai matsala?

sadiya_py
Na yi zargi. Bayit daga 0 zuwa 255 ne, guda 256. Raba su gida goma, kowane gida 25, saura 6. Shidan nan suna faɗawa kan 0 zuwa 5. Kenan 0 zuwa 5 kowanne na da hanya 26, 6 zuwa 9 kowanne 25. Kana can kana rigimar random da urandom, ka karkatar da sikelin da hannunka. A katinka ba zai kashe kowa ba, karkatar kaɗan ce, amma gyaran ba wuya: duk bayit da ya kai 250 ka yar ka ɗebo wani. randbelow haka yake yi da kansa.

Sannan ka sa UNIQUE a teburin ajiyar lambobin don kar ɗaya ta maimaitu, ko da yiwuwar karo a kati 3,000 cikin tiriliyan ɗaya ba ta kai 5 cikin miliyan ba. Kuma ka taƙaita yawan gwaji a shafin. Mai canka yana da dama kusan 1 cikin miliyan 333 a kowane gwaji, ka bar shi da gwaji biyar ka rufe.

gwanin_C
Tunda an zo ɓangarena, duk mai kiran getrandom da C ya duba abin da ya dawo. Har bayit 256, in tukunya ta cika, za a ba ka cif kuma sigina ba ta katse shi. Sama da haka za a iya ba ka ƙasa da abin da ka nema, ko EINTR, alamar an katse shi, sai ka zagayo. Na ga lambar da ba ta duba ba, rabin makulli sifili. Kuma glibc na CentOS 7, 2.17, ba shi da getrandom a matsayin aiki, sai 2.25 aka sa, dole ka bi ta syscall.

Amma fa ban sauka daga matsayina ba. Makullin GPG da zan riƙe shekara goma, /dev/random zan karanta.

Malam_Unix
Karanta abinka, a sabon kanel abu ɗaya za a ba ka, ba ka yi asara ba. A 5.18 ma an so a haɗe ƙofofin biyu gaba ɗaya, urandom shi ma ya riƙa jira, sai wasu na'urori marasa agogo mai sauri suka maƙale wurin tashi aka janye. Abin da ya fi cancanta ka damu da shi shi ne kwafin VM. Ka ɗauki hoton VM tana kunne ka tayar da kwafi biyu, duka da makulli ɗaya a ciki suke farkawa. A 5.18 aka sa kanel ya riƙa lura da VMGENID, lambar da ke canzawa in an kwafi VM, ya sabunta makulli in an kwafe shi, amma manhajar da ta riga ta ɗebi iri ta ajiye a cikinta ba ta san an yi ba.

sanin_gobe
Ni dai har yanzu trust_cpu a kashe yake a nawa. Daƙiƙa ɗaya ta ƙarin jira ba ta rage ni da komai ba.

ɗan_Fagge
Na dawo da rahoto. Na koma secrets, a sabar kati 3,000 ko daƙiƙa ba ta cika ba. Na zubar da na farkon. Don in gani da idona na sa strace, mai nuna kiran da manhaja ke yi wa kanel, a laftof, sai ga layukan getrandom suna zubowa, kowanne bayit 5, tuta 0. Abin da ya ɗaure mini kai, na ƙirga sun kusa 3,300, ba 3,000 ba. Ina ƙarin ya fito?

sadiya_py
Yarwar da na gaya maka ce. Tiriliyan ɗaya na bukatar bit 40, bayit 5 ke nan. Amma bit 40 na kaiwa kusan tiriliyan 1.1, duk wanda ya haura sai a yar a sake. Kusan 9 cikin 100 ke tafiya haka.

ummi_sec
Ka more strace ɗin tun yanzu. Daga kanel 6.11 da glibc 2.41 an kai getrandom cikin vDSO, ɗan ɓangaren kanel da ke gudana a cikin manhajar kanta, yawancin kiran ba sa shiga kanel ma, ba za ka gan su a jere haka ba. Kuma CentOS 7 tun 30 ga Yuni 2024 aka daina yi masa faci, ka gaya wa masu makarantar.

ɗan_Fagge
Na gaya musu. Shugaban ya ce abin da ke aiki ba a taɓa shi, sai wani zangon. Gobe da safe zan kai lambobin wurin masu buga kati.

zinder_root
A me za ka kai?

ɗan_Fagge
Excel ne. Da ma mai shagon ya ce in tura wa yaronsa ta WhatsApp ya fara jerawa kafin in iso.

Kyauta404
Malam_Unix, zo ka ji.